Kyamarar tsaro: a zaɓa mata abin da za ta gani

Tun da sace-sace da garkuwa da mutane suka yawaita, kyamarar tsaro ta zama tamkar kwaɗon ƙofa, duk mai hali yana son ganinta maƙale a gidansa. Da na tashi saka tawa, na zauna da mai sana'ar na yi ta tambaya, kuma abin da na fahimta shi ne, amfaninta ba a yawa ko tsada yake ba. Tambayar ɗaya ce: idan wani ya shigo, za a gane fuskarsa?

Amsar tana cikin gilashin idonta, wanda ake aunawa da milimita. Mai milimita 2.8 yana kwasar fili mai faɗi, kusan digiri 100, amma a kyamara ta gama-gari, da zarar mutum ya wuce mita uku ko huɗu sai a ga riga ba a gane mai ita ba. Mai milimita 6 kuwa, abin da yake kwasa kusan rabin wancan ne, sai dai yana jawo fuska daga mita bakwai ko takwas. Don haka na sa mai faɗin a wurin ajiye mota, mai jawowar kuma na fuskantar da shi ƙofar shiga, inda tilas kowa ya bi.

Sai batun tsayi. Da yawa sukan kai ta ƙololuwar bene don gudun a fasa ta, sai ta ƙare da ɗaukar saman hula. Mita biyu da rabi zuwa uku ya wadatar: hannu ba ya kaiwa cikin sauƙi, fuska kuma tana fitowa. Wadda ta kalli gabas ko yamma kai-tsaye, rana kan mayar mata da baƙo inuwa. Da dare kuma, hasken da take gani da shi yakan bugi farin bango na kusa ya dawo ya kashe mata ido. Ƙurar hunturu da saƙar gizo ma haka suke yi mata, shi ya sa nake goge gilashin duk mako. Na haɗa ta da batirin sola, domin ɓarawo ba ya jiran a kawo wuta, na kuma ɓoye na'urar da ke adana hotunan a inda ba za a ɗauke ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sutura. Magabatanmu sun gina zaure ne domin baƙo ya tsaya a nan, idonsa bai kai cikin gida ba. Kyamarar da aka ɗora sama da katanga tana iya rushe wannan tsari, ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyalinsa ke harkokinsu ba mayafi, hoton kuma ya sauka a wayar wani. Kafin a ɗaure tawa, na kira maƙwabcina ya duba allon da kansa, muka karkatar da ɗaya har ta daina hango gidansa. A cikin gidana ma ban yarda ko ɗaya ta kalli ɗakuna ko makewayi ba, lambar sirrin da ta zo da ita kuma a ranar na sauya.

Haƙƙina ne in tsare gidana, amma iyakar wannan haƙƙi ita ce katangar maƙwabcina. Duk mai niyyar saka kyamara, ya fara tantance ƙofar da yake son gani da kuma tsakar gidan da bai halatta ya gani ba, sannan ya nufi kasuwa.