Wata Tara a Bisa Ruwa

Akwai mutane a ƙasar Ingila waɗanda ba su da ko ɗaki ɗaya a bisa tudu. Jirgin ruwa shi ne gidansu, a ciki suke kwana, a ciki suke dahuwa, in kuwa sun ga dama sai su kwance igiya su tafi da gidan dungum zuwa wani gari. Wurin da ake ɗaure jiragen nan Turawa suna ce masa marina. To, kada ɗalibin Hausa ya ji sunan ya zaci Ƙofar Mata ake nufi, domin babu baba, babu karofi, balle masu bugu. Matsaya ce da aka killace a bakin ruwa, aka shimfiɗa gadoji na katako masu iyo, kowane jirgi da gurbinsa, kamar dawaki a barga.

Na yi wata tara a irin wannan wuri, a kogin Hamble kusa da birnin Southampton, daga Satumba ta 2018 zuwa Mayu ta 2019. Ba sha'awa ce ta kai ni ba, kuɗin haya ne ya kore ni daga cikin gari sa'ad da nake karatu. Mai jirgin wani dattijo ne mai shekara 75, tsohon makaniki, wanda ya sayar da gidansa bayan rasuwar matarsa ya koma ruwa. Ni dai Baba nake ce masa. Sharaɗinmu kuwa mai sauƙi ne: shi ya ba ni makwanci, ni in ba shi ƙarfi, watau jan igiya, ɗauko ruwa, da wanke jirgi.

Tsawon jirgin mita 9 ne, amma inda mutum zai iya miƙewa tsaye bai wuce taku huɗu ba. Kowane abu da mazauninsa, har cokali, domin abin da aka ajiye sakaka yana iya zama makami in ruwa ya motsa. Rishon ma a rataye yake yana lilo, don tukunya ta tsaya daidai ko da jirgi ya karkata. Wutar lantarki da ruwan sha daga gada ake jawo su, wanka kuwa sai an taka zuwa tudu, ko da ƙanƙara ta kwanta a kan katako. Abin da ya fi damuna a hunturu shi ne laima. Numfashinmu da tururin shayi sukan taru a rufi su riƙa ɗigowa, har littattafaina suka fara fumfuna, sai da na koma ajiye su cikin leda. Da dare kuma in iska ta taso, igiyoyin jirage ɗaruruwa suna bugun jigoginsu na ƙarfe, ƙal-ƙal-ƙal, sai ka ce an sako maƙera. Maƙwabta kuwa mutanen kirki ne a irin tasu hanya. Wanda bai taɓa tambayar sunanka ba zai fito cikin ruwan sama ƙarfe biyun dare ya gyara maka igiyar da ta kwance, gobe ya wuce ka da ɗaga kai kawai.

Abu na farko da Baba ya koya mini shi ne teku ba ya zama wuri ɗaya. Yakan cika ya janye sau biyu a yini da kwana, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25, kuma wata ne ke jan sa. In wata ya tsaya ko ya yi goma sha huɗu, bayan kwana ɗaya ko biyu sai cikar ta yi ƙarfi, har bambancin ya kai kamar mita 4 a wannan yanki. Mu da muke duban wata domin azumi da salla, ashe wasu suna dubansa ne don su san ko jirginsu zai wuce ko zai kafe a taɓo. Da safe ka sauka gada kamar kana gangara rijiya, da rana ka tarar ta miƙe sambal.

Tsakanin gaɓar Ingila da tsibirin Wight akwai wani mashigin teku da ake kira Solent, nan muke yawonmu. Jirgin da iska ke turawa ba ya iya fuskantarta kai tsaye, sai dai ya yanke ta a karkace, ya yi hagu ya yi dama, kamar jakin da ke hawan tudu da kaya. Kowace juyawa sai an saki igiyar filafili ta wannan gefe an ɗaure ta wancan, wannan kuwa aikina ne. Gudunmu bai cika wuce mil 5 na teku a awa ba, milin teku kuwa mita 1,852 ne. A ƙuncin Hurst, can yamma, ruwa da kansa yakan yi gudun mil 4 ko fiye, saboda haka wanda ya je a lokacin da ba daidai ba sai ya yini yana kallon hasumiya ɗaya. Ga kuma manyan jiragen kaya masu shiga Southampton, waɗanda ba sa iya tsayawa domin kowa. Amma ranar da iska ta yi daidai, aka kashe inji, babu abin da kake ji sai ruwa yana tsagewa a goshin jirgi, wallahi ban san abin da zan kwatanta daɗinsa da shi ba.

Kowace asuba Baba yana kasa kunne ga rediyon BBC, inda ake karanta yanayin teku yanki yanki. Ana auna iska da ma'aunin Beaufort, daga 0 zuwa 12, shi kuwa in ya ji 6 ba ya fita. Na taɓa yi masa ba'a a kan haka a garin Yarmouth, inda muka yi kwana uku muna jiran iska ta lafa. Sai ya ba ni labarin tseren Fastnet na watan Agusta 1979, wanda jirage 303 suka tashi daga Cowes, guguwa ta same su, mutum 15 daga cikin masu tseren suka halaka. Ya ce waɗancan duk sun fi shi gwaninta. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne.

A cikin Maris na fara lura da hannuwansa. Yatsun sun ƙage saboda ciwon gaɓɓai, ƙullin da yake yi ido rufe ya koma sai ya gwada sau uku. Wata rana muna shiga gurbi igiya ta suɓuce masa, ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce uffan.

Bayan mako biyu 'yarsa ta zo daga Landan. Ta daɗe tana so ya sayar da jirgin ya koma wani ɗaki kusa da ita, ga kuɗin gurbi yana cinye fanshonsa. Ta ja ni gefe a kan gada ta ce, "Kai kake tare da shi, kuma na ji za ka tafi. Don Allah gaya mini gaskiya, zai iya zama shi kaɗai?"

Jama'a, nan fa ake yin ta. Mutumin nan ya ba ni wurin kwana sa'ad da ba ni da shi, kuma na sani sarai in aka raba shi da ruwa an raba shi da sauran abin da ya rage masa. A ɗaya gefen, na ga yadda yake dafa ƙarfe in zai hau jirgi, na kuma san sanyin ruwan nan, wanda ke iya sandarar da ƙato cikin mintuna kaɗan. Sai na ce mata kansa ya fi na kowa a marinar nan, amma hannuwansa sun gaji, kada a bar shi ya fita teku shi ɗaya, kada kuma a fitar da shi daga jirgin in akwai mai zama da shi.

Maganar ba ta yi wa kowannensu daɗi ba. Ita ta so in ce a'a kawai, shi kuwa da ta gaya masa, kwana biyu bai yi mini magana ba sai da hannu. A rana ta uku ya miƙo mini takarda da biro, ya ce rubutunsa ya lalace, in rubuta masa sanarwa cewa ana neman ɗalibi mai ƙarfi wanda ba ya tsoron laima. Na rubuta, na kai allon ofishin marina na manna.

Wanda ya amsa wani saurayi ne ɗan ƙasar Girka mai karatun injiniya. Makona na ƙarshe na yi shi ne ina nuna masa yadda ake ɗaure jirgi a gada, Baba na zaune a baya da kofin shayinsa yana gyara mana mu duka biyu.