Ɓerayen gwaji da mantuwar Kaka

Ran da Kaka ta tsaya a bakin kasuwar Kakuri ta rasa hanyar gidan da ta shekara arba'in a cikinsa, maƙwabta suka ce tsufa ne kawai. A asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa likita ya ce mana cutar Alzheimer ce.

Can ƙasan goshin ƙwaƙwalwa akwai gungun ƙwayoyin jijiya masu samar da sinadarin asetilkolin. A 1982 masu bincike a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin nan suna mutuwa da yawa a masu wannan cuta. Ɓerayen da aka lalata wa yankin baki ɗaya sukan sha wuyar koyon inda tudun tsira yake cikin kwarmin ruwa. Amma a shekarun 1990, da aka kashe ƙwayoyin asetilkolin kaɗai, mai da hankali ne ya fi raunana.

Kaka ba ɓera ba ce, amma na ɗauki darasi: abin da hankalinta bai kama ba, ba za ta ajiye shi ba. Yanzu in zan yi mata magana, sai in kashe rediyo, in durƙusa gabanta, in faɗi abu ɗaya, in jira.