Sulon Tsohon Babur

Mu malaman da ke zirga-zirga tsakanin Ikara da Maƙarfi da Kudan, rabin mutuncinmu yana cikin kafireta. Tsohuwar Honda CG 125 ba ta jin tsoron nisa. Tsayuwa ce ke kayar da ita. Da mun saki totur don mu ba motar rake hanya, sai ta yi tari ta mutu, ga darasin farko yana jira.

Da mukan ɗora wa fulogi laifi, alhali shi ɗan rahoto ne kawai: in ya yi baƙi, mai ya rinjayi iska, watau ƙurar hunturu ta toshe matacin iskar. Mai laifin gaske galibi ƙaramin jet ɗin sulo ne, wanda raminsa bai kai na allura ba. Dattin man bumburutu kaɗan ya ishe shi. Mukan wanke shi da fetur mu busa, ba ma zura masa waya.

Sai inji ya ɗumama muke taɓa kusar iska, kamar zagaye ɗaya da rabi daga rufe. Bakanike kuwa ɗaga sulo yake yi kurum, babur ya yi ta kururuwa yana shan mai, man da tun 2023 albashinmu ke gaishe shi daga nesa.