Daga Itas Zuwa Wani Tsakar Gida a Wusasa

Ka san halin tashar Itas, mota ba ta tashi sai ta cika maƙil. Da hantsi muka isa Azare, na sauya ta Kano. Muka wuce Jama'are, a Wudil na sayi soyayyen kifi ta taga. Zariya kuwa sai bayan isha'i.

Washegari ɗan acaɓa ya sauke ni Wusasa, kusa da dutsen Kufena, gidan wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare. Bahaushe ne Kirista, kaka da kakanni. Ni da na taso a ƙasar Katagum, a da in aka ce coci, baƙin 'yan kasuwa nake tunawa. Sai ga majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa da baka irin na fadar sarki. Nan 'yan mishan ɗin Likita Miller suka dawo daga cikin birnin Zariya a 1929, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A makarantar wurin Janar Yakubu Gowon ya fara karatu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai na tsakar gida ne. 'Ya'yansa ba sa zuwa makaranta, uwargida ke karantar da su a kan tabarma. Na tarar da ƙaramar tana rera hadda daga Zabura, tana rangaji. Babban kuma an ba shi aya daga Karin Magana, an ce ya kawo hujja, sannan ya juya ya rushe ta da kansa.

"Madam, wannan wane irin tsari ne?"

"Malam, hawa uku ne. Yaro ƙarami hadda da ƙa'idar harshe. In ya fara gardama, a koya masa gardama mai hujja. In ya tasa, iya magana."

Ta ce wata marubuciya 'yar Ingila, Dorothy Sayers, ta farfaɗo da shi a wata lacca a Oxford a 1947, iyalan Kiristocin Amurka masu karantarwa a gida suka runguma. Ta intanet take samo littattafan, har da na Latin, harshen Rumawan dā. Ina ji ina murmushi, don nahawu da manɗiƙi da balaga ke nan, irin waɗanda kai da ni muka sani a zaurukan malaman Azare. Da na faɗa, maigidan ya yi dariya har da tafi.

Ban dai gamsu da komai ba. Nauyin duka a kan mace ɗaya yake, ga girki ga wanki, yaran kuma ba su da abokan aji. Na tambayi batun takardar shaida. Ta ce WAEC ta 'yan waje za su zauna, lissafi kuwa wani malami ke zuwa da yamma. Ta miƙo mini kunun gyaɗa, ta koma kan ƙaramar da ta sarƙe a aya ta huɗu.