Samaru: Unguwar da bincike ke fita ya tafi gona

Wanda ya hau mota daga Kwangila a Zariya ya nufi hanyar Funtuwa, zai wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, sannan ya iso Samaru. A hannu ɗaya ga katangar Jami'ar Ahmadu Bello, a ɗaya hannun ga shaguna, masu gasa masara da 'yan acaɓa. Yawancin matafiya ƙofar jami'ar kawai suke kallo. Amma da za ka ƙara gaba kaɗan, za ka ga filaye da aka yanka ƙanana-ƙanana, kowanne da ɗan allo mai lamba a bakinsa. Waɗannan gonakin gwaji ne, kuma labarinsu ya shafi tuwon da ake tuƙawa a gidanku.

Gonakin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ne, wadda aka fi sani da IAR. An kafa ta a 1922, wato ta girmi jami'ar da shekara 40, domin sai a 1962 aka buɗe jami'ar, cibiyar ta koma ƙarƙashinta. A nan ake inganta irin masara, dawa, wake, gyaɗa da auduga. Idan ka taɓa ganin buhun iri an rubuta SAMMAZ, SAMSORG, SAMPEA ko SAMNUT, to wannan "SAM" ɗin daga sunan Samaru aka ciro shi.

Sai dai iri mai kyau ba ya da ƙafar da zai kai kansa ƙauye. Shi ya sa a kusa da IAR akwai wata cibiya, NAERLS, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma. Ta faro a 1963 a matsayin ƙaramin sashe, a 1987 kuma aka ɗora mata nauyin yi wa ƙasa baki ɗaya hidima. Tana horar da malaman gona, tana buga ƙananan littattafai, tana shirya shirye-shiryen rediyo da talabijin, tana da layin waya da manomi zai kira ya yi tambaya. Duk damina kuma ma'aikatanta na zagaya jihohi su duba yadda amfani ya yi, su rubuta rahoto.

A tsakiyar damina, idan ka bi hanyar Bomo ko ta Shika, za ka fi gane amfanin wannan aiki. Manomi ba ya sauya yadda ya gada saboda an yi masa lacca. Gani ya kori ji. Saboda haka malamin gona kan raba fili biyu: ɓangare ɗaya a shuka kamar yadda aka saba, ɗaya kuma a bi sabon tsari. A masara, misali, a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, a tona a binne taki maimakon a watsa shi ruwa ya wanke. Lokacin girbi sai a tara mutanen gari su ƙirga buhunan da idonsu.

Haka ma wajen ajiya. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri cikin buhu ɗaya. Idan aka ɗaure kowacce tam, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke cikin waken su mutu ba tare da an zuba magani ba. Dabara ce mai sauƙi, amma sai an samu wanda ya tsaya a dandali ya nuna yadda ake ɗaurin.

To, wa ke biyan kuɗin wannan hidima? Kuɗin NAERLS daga Gwamnatin Tarayya suke fitowa, ta hannun ma'aikatar noma. Malaman gonar da ke shiga ƙauyuka kuwa yawancinsu ma'aikatan jihohi ne, ƙarƙashin hukumomin bunƙasa noma irin su KNARDA ta Kano. Waɗannan hukumomi sun samo asali ne daga shirye-shiryen da Bankin Duniya ya tallafa wa a Funtuwa, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Da tallafin bankin ya ƙare, sai aiki ya ja baya a jihohi da dama. Tsofaffin malamai na ritaya, ba a ɗaukar sababbi yadda ya kamata, har ta kai malami ɗaya ke da alhakin dubban manoma. Albashi kaɗai kuma ba ya kai mutum ƙauye. Sai da babur, da mai, da irin da za a shuka a gonar nuni.

Ƙungiyoyi irin su Sasakawa da cibiyoyin bincike irin su IITA da ICRISAT suna taimakawa, amma kowane shiri na tallafi yana da ranar ƙarewa. A 2003 shugabannin Afirka sun amince a birnin Maputo cewa za su riƙa ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi. Kasafin Tarayyar Najeriya ya daɗe yana ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Asarar rashin malamin gona ta fi bayyana ranar da annoba ta sauka. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A shekarar ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar nan mai cin masara a Najeriya. A irin wannan lokaci, manomin da ba shi da mai ba shi shawara, duk maganin da aka miƙo masa a kasuwa shi zai fesa. Kuɗinsa su tafi, lafiyarsa ta shiga haɗari.

Ƙannena, wannan magana taku ce. Ku roƙi malaminku na darasin noma ya rubuta takarda a kai ku ziyara Samaru, ko wata jami'a mai tsangayar noma da ke kusa da ku. Ku farfaɗo da ƙungiyar matasa manoma a makarantarku, ko da kunya goma ce ku raba ta biyu ku gwada. Wanda ya iya karatu ya karanta wa Baba abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi kafin ya haɗa. Masu shirin cike fom ɗin JAMB kuma su sani cewa aikin malamin gona fanni ne da ake karantawa har digiri na uku, kuma ƙauyukanmu na jiran masu shi.