A ƙidaya iccen da ya rayu

Ƴan uwana ɗalibai, tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasarmu kowace ranar 3 ga watan Agusta. Rediyo ta faɗi dubu nawa aka dasa, a tafa, a watse. Abin da ba a cika dawowa a faɗa mana ba shi ne cikin na bara nawa ke tsaye. To ni a ganina nan ne ciwon dokokin gandun dajinmu yake. Mun daɗe muna auna aikin da yawan dashe, da yawan tara, da yawan gatarin da aka ƙwace, alhali abin da ya kamata a auna shi ne iccen da ya rayu.

Dokar ba daga gonakinmu ta fito ba. A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji ga ƙasashen Afirka ta Yamma da suke mulka, ta ba hukuma iko bisa daji. Bayan ƴancin kai, dokar 1974 ta bi sawunta: aka jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, gawo na ciki, ko da a tsakiyar gonar mutum ya tsiro. Niyyar mai kyau ce, a tsare icce. Amma ku ji abin da ta haifar.

Kakana manomi ne a wani ƙauye yamma da Tasawa. Ya ce wata shekara ya sassabe rassan gawon gonarshi don ya gyara darni, sai ga mai kaki bisa doki. Ranar sai da ya kai akuya kasuwa ya biya tara. Na tambaye shi, "Kaka, daga nan me ka yi?" Ya ce, "Me zan yi? Duk tsiron gawon da na gani, hauya nake sa mashi tun yana ƙarami. In ya girma ba nawa ba ne, tarko ne." Kun ji fa. Dokar da aka yi don tsare icce ta koya wa mutum kashe shi tun bai kai gwiwa ba. Kuma a takarda babu laifi ko ɗaya: an kama mai laifi, kuɗi sun shiga, aiki ya yi kyau. Gona kuwa ta zama fili, iska na binne shuka da rairayi, mutum ya shuka hatsi sau biyu sau uku cikin damina guda.

A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi, dashen kuwa mutuwa yake yi. Sai ya lura cewa ƴan sabara da kalgon da ake sharewa lokacin sassabe toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire saura, ka tsare su daga dabbobi da wuta, cikin ƴan shekaru ka samu icce, ba gandun reno, ba ban ruwa. Shi ne muke kira sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su yi shi, da abincin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan. Abin bai zauna ba sai da manomi ya fara yarda cewa iccen da ya raina shi zai ci amfaninshi, ba wanda zai kama shi. Daga nan maƙwabci ya koya wa maƙwabci.

Masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij, da hotunan tauraron ɗan adam, sun ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen miliyan 200. Wanda ya bi ta Magariya, Matamaye da Mirriya ya ga gawo da idonshi. Gawo kuwa kun san halinshi: da damina yake zubar da ganye, ba ya hana hatsi rana, da rani ya yi ganye, ƴaƴanshi abincin tumaki. Babu wani shirin dashe da ya taɓa kusantar wannan adadi a ƙasarmu.

Doka ta biyo baya a hankali. An yi sabuwar dokar daji a 2004, sannan ranar 30 ga watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri a kan sassaben zamani wanda ya amince cewa iccen da manomi ya raina a gonarshi nashi ne. Madalla. Sai dai wallahi da hutun bara na tarar mutanen ƙauyenmu da yawa ba su ma ji labarin ƙudurin ba, har yanzu wasu da asuba suke sare reshe kamar ɓarayi a gonar ubansu.

Shi ya sa nake cewa a sake ma'auni. A daina tambayar ma'aikacin gandun daji mutum nawa ya kama. A tambaye shi: da ka zo wannan yanki icce nawa ke cikin hekta guda, yau kuma bayan shekara biyar nawa ne? Kala nawa ne, ko sabara ce kaɗai? Cikin dashen bara nawa suka kai damina ta biyu? Ƙarin girma ya biyo amsar nan. Ranar da aka yi haka, ma'aikaci zai gane ba zai ci gaba ba sai manomi ya raini icce, manomi kuma ba zai raina ba sai ya daina tsoro. Ƙauyen da ya cika alƙawarin yawan itatuwanshi a bar shi ya tsara sara da sayarwa da kanshi, wanda ya bari dajinshi ya ƙare hukuma ta shigo.

Wani abokina a lakwal ya ce mani, "Kai, ai sai a riƙa ƙaryar lissafi." Gaskiyarshi, mai ƙirga dashe na iya ƙara sifili, mai ƙirga icce ma haka. Bambancin shi ne icce tsaye yake, kowa na iya zuwa ya gani, hoton sama ma na nuna shi. Amma kada wanda za a yaba ya zama shi ke ƙidayar. Akwai kuma abin da ya fi damuna: in kowane icce ya samu mai shi, ina matar da ba ta da gona za ta samu iccen girki? Ina makiyayi zai samu ganye da bazara? A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da mata da makiyaya a ciki, suka tsara ƙa'idojinsu. Irin wannan zama ya kamata ya shiga cikin abin da ake aunawa, don sakamakon da ya bar rabin ƙauye ba makamashi bai cika ba. Dazuzzukan hukuma kuwa irin na Baban Rafi, inda masu fataucin icce ke shiga, har gobe suna bukatar tsaro da hukunci.

Mu da muka iya karatu akwai aikin da ke jiranmu. In an yi hutu, kowa ya nemi ƙudurin 2020 ya fassara wa mutanen gidansu da Hausa. Sannan ya ɗauki kaye da biro ya zaga gonarsu, ya rubuta gawo nawa, kalgo nawa, aduwa nawa, ya sa kwanan wata. Baɗi ya sake ƙirgawa. In muka haɗa waɗannan takardu daga ƙauyuka ashirin, mun samu abin da za mu ajiye gaban magajin gari mu yi magana.