Iya ruwa, fidda kai

Yau hirarmu a kan ƙarƙashin ruwa take. Na san wani zai ce: «Malam, mu da muke ƙasar Damagaram, inda mace take sammako saboda tulu ɗaya, ina ruwanmu da ƙarƙashin ruwa?» Gaskiyarka. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder suka kai Yamai a shekarar 1926. Amma ka bi ni a hankali. Akwai mutane a duniya masu tara kuɗi shekara guda, su yi doguwar tafiya, don kawai su yi nutso a teku su ɗauki hoto. Zan gaya maka kayan aikinsu. Zan kuma gaya maka dokar da suke bi, domin dokar nan tana iya tsirar da yaro a garinku bana.

Me suke nema a can ƙasa?

A makarantar horon malamai an koya mana cewa a fara da abin da mai koyo ya sani. Shi ya sa nake son kalmar «ruwa» a ajin manya. Gaɓa biyu ce: ru, wa. Ba wanda bai san ta ba. To, mu ma bari mu fara da abin da ka sani.

Ka san wuri. Da shi kakanninmu suka ci kasuwa a zamanin Sarki Tanimun. Wuri ɓawon wata ƴar halitta ce ta teku, kuma mai yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldib ya fito, can kudu da ƙasar Indiya. Ke kuma, uwargida, kin san murjani. Murjani na gaske ba dutse ba ne. Wasu ƙananan halittu ne suke gina shi a ƙarƙashin teku, sannu a hankali, kamar yadda gara take gina suri. A gefen ƙasar Ostareliya akwai irin wannan gini mai tsawon kilomita 2300. Ya fi tafiya daga Zinder zuwa Yamai da dawowa. Kifaye masu launi iri-iri suna zaune a cikinsa.

Abin da masu nutso suke zuwa kallo ke nan. Suna zuwa Maldib da Zanzibar da Ostareliya. Suna zuwa Bahar Maliya, ta gefen Masar da ta gefen Sudan. Tekun nan ita ce alhazanmu na dā suke ƙetarewa cikin jirgin ruwa zuwa Jidda, bayan sun yi watanni ko shekaru suna tafiya a ƙasa. Sun bi ta saman wannan abin mamaki, ba su gan shi ba.

Kayan nutso

Mutum ba kifi ba ne. In zai daɗe a ruwa, sai ya tafi da iskarsa. A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera abin da ya sauƙaƙa haka. Tulu ne na ƙarfe, mai kama da tukunyar gas, ana goya shi a baya. Tulu mai cin lita 12 ana danna masa iska wajen lita 2400. Iskar nan da muke shaƙa ce, ba wata ba. Tiyo yana kawo ta baki, kuma ba ta fitowa sai mutum ya ja numfashi. In bai yi zurfi sosai ba, takan kai shi kusan awa ɗaya.

Sauran kayan su ne: gilashi mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar roba saboda sanyi, da ɗamara mai dalma don ta taimake shi sauka, da wani agogo mai nuna zurfi da lokaci.

A shekarar 1963 Cousteau ya sa aka kafa wani gida na ƙarfe a ƙarƙashin Bahar Maliya, kusa da Port Sudan, a zurfin mita 10. Mutanensa suka zauna a ciki wata guda, suna ci, suna barci, suna fita aiki cikin ruwa.

Yaya ake ɗaukar hoto?

Wata rana a aji wani saurayi ya nuna mana bidiyon kifayen teku a wayarsa. Sai wata dattijuwa ta ce: «Ƙarya ce. Waya ta faɗa randa ma mutuwa take yi.» Maganarta tana kan hanya. Ruwa maƙiyin kyamara ne. Saboda haka ana sa ta cikin akwati mai tagar gilashi. A bakin akwatin akwai zoben roba mai hana ruwa shiga. Kafin kowane nutso, mai hoto yakan cire zoben, ya goge shi, ya shafa masa mai, ya duba shi da kyau. Ƙwayar rairayi ɗaya ko silin gashi ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Kayan hoto na ƙwarai kuwa sun fi shanun noma tsada.

Abin ya daɗe. Wani Bafaranshe, Louis Boutan, ya fara ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku a shekarar 1893. Akwatinsa mai nauyi ne ƙwarai, kuma hoto ɗaya yakan ci shi har minti 30. A shekarar 1963 kamfanin Nikon na Japan ya fito da wata kyamara, Nikonos, wadda take shiga ruwa ba tare da akwati ba. Yau akwai ƙanana da ake riƙewa a tafin hannu.

Ruwa yana da wasu halaye biyu da mai hoto ya sani. Na farko, yana shanye launi. Daga zurfin mita 5 ja yakan fara ɓacewa, sai kome ya koma shuɗi-shuɗi. Don haka suke tafiya da fitila mai ƙarfi, ita take maido da launin. Na biyu, abin da ka gani ta cikin gilashi yakan yi kamar ya fi girma, ya kuma fi kusa. Ka sa sanda cikin bokitin ruwa, za ka ga kamar ta karye. Ruwa yana ruɗin ido. Ka riƙe wannan.

Mu ma muna da masu nutso

Kada ka ɗauka nutso na Turawa ne kawai. A Argungu, ƙasar Kabi, ana bikin kamun kifi tun shekarar 1934. Dubban maza suna faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora. Akwai gasar nutso, akwai kamun kifi da hannu. Ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A nan gida ma akwai masu su a tabkin Gidimuni, kan hanyar Gure, da tabkin Lasuri a kudu. Akwai kuma masu yasar rijiya, da mai sauka ciro guga in ƙugiya ta kasa. Bambancin ɗaya ne. Waɗancan nishaɗi ne yake kai su, mu kuwa bukata ce take kai mu.

Dokar masu nutso

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Mutanen nan, duk da tsadar kayansu, ba su yarda da kaya kaɗai ba. Ba a ba mutum hayar tulun iska sai ya nuna takardar shaidar ya koya. Sabon shiga ba ya wuce mita 18. Mai nutson nishaɗi, kome gwanintarsa, ba ya wuce mita 40. Ruwa yana da nauyi. A zurfin mita 10 matsin da yake kan jiki ya ninka na tudu sau biyu. Saboda haka a hankali suke hawowa, kuma ba su riƙe numfashi. Wanda ya taso da gaggawa yana iya shanyewa, ko ya mutu.

Babbar dokarsu kuwa ita ce: ba a nutso mutum ɗaya. Kowa da abokinsa. Tun a tudu kowa yake duba kayan ɗan'uwansa. A cikin ruwa ba magana, sai alama da hannu, kuma tun kafin su shiga sun yarda da ma'anar kowace alama.

Muna yara, akwai wani abokinmu da ya fi mu duka iya iyo. Akwai kududdufi a bayan gari, inda ake haƙar ƙasar gini. Da rani mun san shi sarai. Da damina ta cika shi, sai ya zama wani wuri dabam. Ran nan da tsakar rana yaron ya tafi shi kaɗai. Ba wanda ya san ya tafi. Sai da la'asar aka ga rigarsa a bakin ruwa. Allah ya jiƙansa. Da akwai mutum ɗaya a tsaye da sanda a hannu, da wataƙila yau shi ma yana da iyali. Kusan kowane gari yana da irin wannan labari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum wajen 300.000 suka mutu ta hanyar nutsewa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. A daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Zinder, fiye da mutum 300 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu. Ƙasar da ba ta da teku ma ruwa yana cin mutane a cikinta.

Abin da za mu ara

Tulun iska ya fi ƙarfinmu. Dokar kuwa kyauta ce.

Kada yaro ya je tabki ko kududdufi sai da babba. Ita ma babbar roba ko rijiyar gida, a rufe ta, domin ruwa kaɗan ya isa ya kashe mai rarrafe.

Kada a yi alkafura cikin ruwan da ba a ga ƙasansa ba. A fara gwada zurfinsa da sanda. Ramin bara ba shi ne ramin bana ba.

In wani yana nutsewa, kada ka faɗa ka rungume shi, zai ja ka ku tafi tare. Miƙa masa sanda, ko igiya, ko rawani. Ko ka jefa masa bido, wato jarka ta lita 20, wadda ba kome a ciki, a rufe da murfinta. Tana ɗaukar babban mutum, kamar yadda gora take ɗaukar masuncin Argungu.

Mai sauka rijiya ya ɗaura igiya a ƙirji, ƙarƙashin hammata. Ƙarti biyu su riƙe ta a sama. Ku yarda da alama tun da wuri: ja ɗaya, lafiya, ja uku, ko shiru, a fito da shi. Kafin ya sauka, a zura fitila mai harshen wuta. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, kada kowa ya shiga. Kada kuma a tayar da injin ban-ruwa a cikin rijiya. Hayaƙinsa yana kisa, kuma fitila ba ta nuna shi. In wani ya suma a ciki, kada na biyu ya bi shi ba igiya. Sau da yawa haka gida ɗaya yake rasa mutum biyu. A birni a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

In an fito da mutum ba ya numfashi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna cikinsa. A kwantar da shi rigingine, a share bakinsa, a hura masa iska. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Minti kaɗan ƙwaƙwalwa take jurewa ba iska, don haka kada a tsaya jira. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti. Ku roƙi ma'aikacin lafiya na kusa da ku ya zo aji ya nuna muku yadda ake yi.

Ɗan'uwa, yanzu ka iya karatu. Akwai na kusa da kai da bai iya ba tukuna. Kafin ruwan farko ya sauka, ka zauna a dandali ka karanta musu wannan. Ku ƙidaya ramukan da suke kewaye da garinku. Ku ajiye igiya da bido a bakin kowane ɗaya. Mai hoton teku ba ya cewa ya yi nasara sai shi da abokinsa sun tako tudu. Mu ma magabatanmu sun faɗa mana tun tuni: iya ruwa, fidda kai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana ƴaƴanmu. Amin.